Gwiwar Marwan da Kekunan Mausim

Duk wanda ya ce maka ƙwallo ce ta cinye ƙafar Marwan ɗan Malam Kabo, ka ce masa ƙarya yake yi, ka kuma ce ni Zali direba na faɗa. A ƙasan gidansu nake zaune a unguwar Mansur, rufin ɗakina shi ne daɓensu, ko cokali ya faɗi a wajensu sai na ji. Motata ce ta kai yaron asibiti ranar da aka yi masa aiki, ita ce kuma ta dawo da shi. Ba labari aka ba ni ba.

A nan Makka aka haifi Marwan. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ka haɗa da haƙuri. Ɗan wasan gefe ne a wani ƙaramin kulob a Jidda, cikin gurbin da ake ware wa yaran da aka haifa a ƙasar. Allah ya ba shi gudu, ya ba shi juyi. Zai zo wa mai tsaron baya a guje, ya karkata dama, kafin mutum ya ankara ya bi ta hagu. A irin wannan juyin ne jijiyar cikin gwiwarsa ta dama ta tsinke. Kulob ya ɗauki nauyin aikin, aka yanko jijiya daga bayan cinyarsa aka dasa masa, aka sallamo shi gida da sanduna biyu.

Kocinsu, wanda suke kira Kaftin Yunus, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce bayan Hajji za a yi gwaji. Idan gudu da juyi sun dawo, a sabunta masa kwantiragi. Idan ba su dawo ba, akwai yara a layi suna jiran gurbin.

Ina tsaye a bayan Marwan likita ya yi masa bayani. Ya ce sabuwar jijiya kamar ɗanyen siminti take, sama ta bushe amma ciki da saura. Tafiya a miƙe babu laifi, daga baya ma har sassarfa. Abin da ya hana shi ne riƙe nauyi a gangara, da murɗa jiki a kan ƙafar tana kafe a ƙasa. Ya maimaita, ya sa Marwan ya maimaita masa.

Yaron ya riƙe maganar nan kamar karatu. Ina kai shi wajen gashin ƙashi, ina jiran sa a mota, ya fito jiƙe da gumi yana murmushi. Bayan la'asar ya hau saman bene ya yi ta motsa ƙafar shi kaɗai. Kafin azumi ya ajiye sanduna. A watan Shawwal ya fara sassarfa. Cinyar da ta tsotse ta fara cikowa, har na fara tsokanarsa cewa in ya zama babban ɗan wasa kada ya manta da tsohuwar motata.

Sai alhazai suka fara sauka.

Wanda bai zauna a Mansur ba ba zai gane mausim ba. Mausim shi ne kakarmu, lokacin Hajji, kuma abin da aka samu a cikinsa shi ake ci har wata shekara. Mata su tuƙa tuwo su kai masaukan alhazai, maza su yi dako, su yi shara, su yi aski. Ba a jinya a mausim, ba a zaman makoki mai tsawo. Mahadi, yayan Marwan, sana'arsa kekunan tura alhazai ce, waɗanda ake kira arabiyya. Yana da su da yawa, yana raba wa samari su tura tsofaffi da masu ciwon ƙafa daga masauki zuwa Harami. Ba su da lasisin wannan aiki. Idan masu tsaro suka kama ka, keke ya tafi, in ba ka da takardu kai ma ka bi shi. Don haka Mahadi ba mai ƙarfi kawai yake nema ba, mai ƙafa yake nema.

Ranar wata Juma'a Malam Kabo ya kira ni cin abinci, kamar yadda ya saba. Muna zaune a kan leda, miyar kuka tana turiri, Mahadi ya gyara murya.

"Baba, yarana biyu sun gudu sun koma wajen wani. Ga arabiyya a jingine, ga mausim ya kama."

Malam Kabo bai ɗago daga kwanon ba. Ya ce, "Ga ƙaninka nan."

Marwan ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Abuya, daktor ya ce..."

"Baba ake cewa a gidan nan," in ji Malam Kabo.

"Baba, daktor ya ce mamnu', ya hana. Nauyi a gangara mamnu'. Bayan Hajji ina da gwaji a nadi, a kulob."

"Kullum ina jin ka a saman kaina kana dire-dire kamar ɗan akuya. Ƙafar da ta iya tsalle ita ce za ta kasa tura baƙon Allah?"

"Wancan tamrin ne, Baba, motsa jiki. Shi daktor ya rubuta."

"To ga tamrin mai lada na samo maka."

Mahadi ya yi dariya, ya ce ai tura keke ma motsa jiki ne, Turawa kuɗi suke biya a ba su ƙarfe su tura. Na kasa haƙuri, na ce Malam, ni ina wurin likita ya yi magana, yaron nan ba ƙiwa yake yi ba. Malam Kabo ya kalle ni sama da ƙasa.

"Malam Zali, tuwo na kira ka ci."

Na wanke hannuna na sauko.

Washegari bayan sallar azahar na tare shi a ƙofar masallaci. Na ce ya duba Allah ya bar yaron nan, saura ƙiris ya kai ga abin da ya sha wahala a kai. Ya ja ni gefe, ya zame hularsa, ya nuna mini tsakiyar kansa inda gashi ya daina fitowa tun ba yau ba.

"Ka ga wannan? Kafin a kawo kekuna, a kan gadon katako muke ɗora alhaji mu ɗauka a ka, mu yi ɗawafi da shi, mu yi Safa da Marwa. Da wannan wuyan na ciyar da su. Wa ya taɓa rubuta mini mamnu'? Kuma ka taɓa jin wanda ya nakasa a hidimar baƙin Allah?"

Na ce na ji, kuma shi ma ya san su, suna nan zaune a bakin titi. Ya mayar da hularsa ya ce wannan ƙarancin imaninsu ne. Mutum ne mai sallah a sahun farko, ba zan ɗauke masa wannan ba. Amma ya iya ɗauko sunan Allah ya ajiye daidai inda son ransa yake.

Marwan ya ƙi. Ban taɓa ganin ya ƙi maganar ubansa ba sai wannan karon. Gidan kuwa ya juya masa baya gaba ɗaya. Da farko aka sa kwaɗo a ƙofar saman bene, wai ana ajiye kayan mausim a can. Sai Malam Kabo ya daina amsa gaisuwarsa. Sai aka ce wanda ba zai fita mausim ba, ba zai ci abincin mausim ba, aka daina zuba masa. Yana saukowa wajena mu ci burodi da wake, yana ci yana kallon bango. Mahadi in ya wuce shi a matakala sai ya ce, "A ba kaftin hanya, kada ƙafar zinariya ta gurɗe."

Duk wannan bai karya shi ba. Mahaifiyarsa Yalwa ce ta karya shi. Ina jin ta ta cikin rufi, tana kuka tana magana.

"Ya waladi, kwana nawa ne mausim ɗin? Ubanka ya ce in ka ƙi, zai ɗaga maka hannu a gaban Ka'aba. Kana so ka shiga fili da bakin uba a kanka? Wace ƙafa ce za ta yi gudu da fushin iyaye? Ka yi don ni. Zan riƙa shafa maka zamzam da man habbatussauda, babu abin da zai same ka."

"Ummi, jijiyar ba ta gama kamawa ba."

"Allah ne mai kamawa, ba daktor ba."

Da safe na gan shi ya fito da keke a naɗe a kafaɗa. Bai kalle ni ba.

Zuwa gashi ya tsaya daga ranar. Da Kaftin Yunus ya kira yana tambaya, Malam Kabo na tsaye a kansa, Marwan ya ce hanyoyi sun cushe saboda alhazai, yana yin tamrin ɗinsa a gida. Kaftin ya yarda, don kowa ya san yadda Makka take zama a wannan lokaci.

Makka gari ne na duwatsu. Masaukan da talakawan alhazai ke sauka ba a shimfiɗe suke ba, a kan tudu suke, hanya ta hau ta gangara. Mahadi ya san wannan sarai, kuma can ya tura ƙaninsa, don can ne masu tsaro suka fi yawo, can ake buƙatar mai gudu. Wata rana da yamma na tsaya sayen tsire, na iske Mahadi ya tara samari yana ba su labari yana tafa hannu.

"Wallahi da kun ga Marwan yau. Askar masu tsaron nan suka taso, kowa ya watsar da arabiyya ya arce. Shi kuwa da hajiya a kai, ƙatuwa, ya sheƙa da ita cikin lungu. Hajiya tana salati, askar suna haki. Ko ƙurarsa ba su gani ba. Ana ta cewa daktor, daktor. Mu muka dawo masa da gudunsa, kuma ba mu karɓi ko sisi ba."

Samari suka yi ta dariya. Na karɓi tsirena na tafi, naman ma ban iya ci ba.

Kullum in Marwan ya dawo sai ya biyo ta ɗakina kafin ya hau sama, in ba shi ƙanƙara daga firij. Gwiwar ta fara kumbura, tabon aikin ya yi ja yana sheƙi. Ya zauna a bakin katifata ya ɗora ƙanƙarar, ya rufe ido. Ammi yake kira na, wato baffa.

"Ammi Zali, turawa ba ita ce mushkila ba. Hawa ma da sauƙi. Gangara ce. Alhaji yana jan ka ƙasa, kai kana riƙewa, duk nauyin a nan yake sauka." Ya nuna ƙasan ƙoƙon gwiwar.

Na ce ya zo in kai shi Jidda yanzu, ya kwana a wajen abokan wasansa har mausim ya wuce. Ya girgiza kai. Ya ce in ya tafi, Ummi ce za ta sha, kuma saura kaɗan a gama. Haka ya riƙa cewa kullum, saura kaɗan. A sama kuwa ana zuba masa abinci har da nama, Malam Kabo ya dawo amsa gaisuwa, yana sa masa albarka da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Yalwa tana shafa zamzam. Da ya nuna mata kumburin sai ta ce alamar maganin yana aiki ne, ciwo yana fitowa waje.

Ya fara hawa matakala a karkace, ƙafar hagu tukuna, sannan ya jawo ta dama. Na nuna wa Mahadi. Ya ce, "Ammi, duk wanda ya yi mausim yana ɗingishi. Ni ma bayana ciwo yake. Bayan Hajji kowa zai huta."

Ranar Arfa suka tafi tun da sassafe, su da kekunansu. Yadda suke shiga wuraren nan ba tare da izini ba, su suka sani. Daga Arfa suka bi alhazai Muzdalifa, suka wuce Mina, inda aikin ya fi tsoka, don daga tantuna zuwa wajen jifa tafiya ce mai nisa ga tsoho. Ban sake ganin Marwan ba sai rana ta biyu ta jifa, da rana tsaka, Mahadi ya kawo shi a bayan babur. Ya sauke shi a ƙofar gida kamar buhu, ya juya ya koma, wai kekuna suna can ba mai kula.

Na kama shi muka shiga ɗakina. Leɓensa ya bushe, fuskar ta yi toka. Sai da ya sha ruwa sannan ya iya magana. Ya ce wani alhaji ne mai jiki ya ɗauko daga jifa, suna gangarowa cikin cunkoso, sai wata tsohuwa ta faɗi a gabansa. In ya miƙe zai bi ta kanta. Ya kafa ƙafar dama, ya murɗe keken gefe da dukkan ƙarfinsa.

"Na ji ɗas, Ammi. Irin na farko. Nafsu sauti."

"Sai ka yi yaya?"

"Na kai shi tanti. Ya yi mini addu'a sosai."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, sannan ya kifa kai a gwiwar hagu ya yi kuka. Ni kuwa, da Malam Kabo yana kusa a lokacin ban san abin da zan yi ba.

Kafin magariba gwiwar ta yi kamar ƙwarya. Na hau sama na ce wa Malam Kabo zan kai yaron asibitin da aka yi masa aiki. Ya tare ƙofa da jikinsa.

"Ka kai shi, likita ya gani, ya buga wa kulob waya, su ce ya karya doka su kore shi tun kafin gwajin. Haka kake so? Kai ne za ka rufe masa ƙofa, Malam Zali, ba ni ba."

Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa tambayar sunan kulob ɗin ba, yau shi ne mai kare masa gurbi. Abin takaicin shi ne Marwan ya ji maganar, kuma ta kama shi. Ya ce in bari tukuna, wataƙila targaɗe ne.

Maimakon likita, aka kira wani wanzami daga unguwar Hindawiyya. Ya zo da jakarsa, ya taɓa gwiwar ya ce mataccen jini ne ya taru, ya ga irinsa ba adadi. Ya tsattsaga fatar a kewayen tabon aikin, ya kafa ƙaho. Marwan ya ciji matashi. Da aka cire ƙahon, wanzami ya zagaya da shi yana nuna wa kowa baƙin jinin, Yalwa tana hamdala. Malam Kabo ya leƙo ya ce, "Wannan shi daktor ya bari a ciki."

Alhazai suka watse, gari ya yi shiru, aka cire kwaɗon saman bene. Kumburin ya saɓe da kansa, kamar yadda kowane kumburi yake saɓewa in an huta, wanzami ya kwashe yabo. Marwan ya koma tafiya, ya koma sassarfa, har ya fara gudu a filin bayan makaranta da sassafe. Ya zo mini da murna.

"Ammi, ina gudu. Wallahi ina gudu, babu ciwo."

"Juyi fa?"

Ya kawar da kai. Ya ce wannan yana ajiye shi sai ranar gwaji, kada ya gajiyar da ƙafar. Na gane tsoro yake ji, shi ma ya san na gane.

Ranar gwajin na fito na iske Malam Kabo a jikin motata cikin sabuwar jallabiya, yana ƙamshin turare, Mahadi a gefensa. Tun da yaron ya fara ƙwallo ubansa bai taɓa zuwa kallonsa ba. Yau ya ji ana maganar sabon kwantiragi, ya ce dole uba ya tsaya wa ɗansa. Muka kama hanyar Jidda.

Filin ƙarami ne, iskar teku tana manne wa mutum riga a jiki. Kaftin Yunus ya rungume Marwan, ya ce ya rame amma kafaɗunsa sun buɗe. Aka jera shi da wasu yara a layi, aka busa usur. Jama'a, yaron nan ya yi gudu. Ya bar su a baya tun kafin tsakiyar fili, ƙafafun nan suna cin ƙasa kamar ba a taɓa sa musu wuƙa ba. Kaftin ya kalli agogonsa, ya sake kallo, ya nuna wa likitan kulob. Aka maimaita, ya sake barin su. Ni kaina sai da na ji wani sanyi a raina, na ce ko dai Allah ya rufa asiri ne.

Malam Kabo ya dafa kafaɗata. "Ka gani, Malam Zali? Hidimar baƙin Allah. Da na biye maka da yanzu yana kwance yana shan ƙanƙara."

Sai aka jera robobi masu tsini a karkace, aka ba Marwan ƙwallo. Zai zo a guje, ya kafa ƙafa, ya juya ya bi ta ɗaya gefen, aikin da ya fi kowa iyawa a kulob ɗin. Ya tsaya yana kallon robobin har Kaftin ya ce, "Yalla, ya Marwan." Ya taho. Ta farko a ƙafar hagu ce, ya wuce lafiya. Ta biyu ya kafa ta dama. Gwiwar ta zame gefe, jikinsa ya tafi gabas ƙafar ta tsaya, ya zube a kan ciyawa ba wanda ya taɓa shi. Bai yi ihu ba. Ya kwanta rigingine ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Likitan kulob ya durƙusa, ya lanƙwasa ƙafar, ya kama ƙwaurin ya jawo. Ƙashin ya taho gaba kamar aljihun tebur, babu abin da ya riƙe shi. Ya zare safar da ke kan gwiwar, ya ga shatin ƙaho a kewaye da tabon. Ya ɗago hannun Marwan ya juya tafin, ya ga kanta a jere a gindin yatsu. Likitan ɗan Makka ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Arabiyya?" ya tambaya.

Marwan ya gyaɗa kai.

Kaftin Yunus ya juyo ya kalli Malam Kabo, kallo mai tsawo. Malam Kabo ya fara cewa ai yaro ne da taurin kai, shi ya nace sai ya fita, an hana shi ya ƙi. A gaban yaron ya faɗi haka, yana kwance a ƙasa. Kaftin ya juya masa baya. Ya tsuguna kusa da Marwan ya yi masa magana a hankali, amma na ji. Jijiyar da aka dasa ta tafi. Kwantiragi ya ƙare, kuma ba a filin kulob ciwon ya faru ba, don haka hukumar kulob ba za ta sake biyan wani aiki ba. Ya ce zai yi magana da su, amma kada ya sa rai. Ya sumbaci goshinsa ya miƙe, ya busa usur, sauran yaran suka ci gaba da zagaya robobi.

A mota Marwan yana baya, ƙafar a miƙe a kan kujera. Malam Kabo ne ya fara magana, yana gaba kusa da ni yana jan carbi.

"Makirci ne. Yaro ya yi gudu, kowa ya gani, sai suka kawo wasu robobi don su kayar da shi. Suna da nasu da suke so su saka. Ni dama hankalina bai taɓa kwanciya da mutanen nan ba."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ban tayar da hankalina ba. Abin da aka rubuta ba ya wuce lokacinsa."

Mahadi yana ta danna waya. Can ya ɗago, ya juya wajen ƙaninsa da murya mai taushi, irin ta mai lallashi.

"Ma'alesh, ya Marwan. Kada ka damu. Ka ga dai gudun yana nan, kowa ya shaida. Ga Umra ta buɗe, baƙi sun fara shigowa. Ita arabiyya ai ba ta son wani juyi, miƙewa ce kawai. In kumburin ya sauka sai ka karɓi sabuwar nan mai manyan tayoyi."

Malam Kabo ya gyaɗa kai. "Ka ji magana. Gudun ba zai tafi a banza ba."

Na kalli madubi. Marwan yana kallon duwatsun gefen hanya, idonsa a bushe. Na jira ya ce wani abu, ko da zagi ne, ko da Larabcin da ubansa ba ya so. Haka ya ci gaba da kallon duwatsun har muka shiga Makka.

Ba su doke shi ba, ba su kore shi ba, shi ya sa har yau ba wanda yake ganin sun yi laifi. Uban yana nan a sahun farko. Uwar tana nan tana shafa zamzam. Mahadi ya ƙara kekuna. In ka tambaye su za su ce maka sun riƙe ɗansu, sun ba shi sana'a, kuma da gaske suke, sun yarda da abin da suke faɗa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ina ganin sa kullum bayan asuba ta tagar ɗakina, yana fita da keke. Daga ƙofar gida zuwa bakin lungu tafiyarsa lafiya lau, har da sauri. In ya kai kwanar da ke fita babban titi sai ya tsaya cak. Ya dafa hannun keken, ya ɗaga ƙafar dama a hankali ya ajiye ta ta fuskanci inda za shi, sannan ya jawo sauran jikin ya bi ta, kamar yadda tsofaffin da yake turawa suke yi. Shekararsa ashirin da biyu.